Ramin da Na Yanke a Bayan Faifan Yayana

Ba ɓarawo aka haife ni ba. Kafin in zama abin da na zama, ni ƙanen wani mutumin kirki ne. Da wannan nake so in fara, domin samarin da za su karanta rubutun nan su san cewa ba kullum mai laifi ne yake fara shan wahalar laifinsa ba.

A Damagaram aka haife mu. Ni ne ƙarami a ɗakinmu, shi ya sa kowa yake kirana Auta. Yayana Laminu ya girme ni sosai, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. A shekarun saba'in ya tafi Jidda, ya sami aikin dako a Tashar Jiragen Ruwa. Da ya tsaya da ƙafarsa sai ya aika aka kawo ni, ya nema mini kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Karatuna bai yi nisa ba. Ina karanta boko da Larabci daidai gwargwado, kuma hannuna yana da saurin gane na'ura. Iyakar abin da na zo da shi ke nan.

Yaya ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, shi ne kiɗa. Wata rana ya ɗaukar wa wani Bature ma'aikacin jirgi akwati, mutumin ya ba shi babban faifan garmaho a maimakon tukwici. Faifan ba na mawaƙi ɗaya ba ne. Tari ne na waƙoƙin ƙungiyoyi daban-daban na samarin Ingila, waɗanda suka gaji da kiɗan ihu da ake kira pank, suka koma suna haɗa shi da fank irin na baƙaƙen Amurka. Ni dai hayaniya nake ji. Shi kuwa sai ya rufe ido ya ce, "Auta, bar muryar, bi jitar ƙasan nan mai kauri. Ba ka ji tana tafiya kamar gangar noma ba? Yaran nan ba su taɓa ganin gona ba, amma sun san inda gwiwar mutum take."

"Yaya, in ka sa wannan a gona, shanu ma guduwa za su yi."

"Kunnenka ne bai nuna ba tukuna," in ji shi.

A ɗakinmu na unguwar Waziriyya babu wanda bai ji faifan nan ba, ko yana so ko ba ya so. Da Yaya ya auri Nafisa, 'yar gidan Hausawan Sudan, ta ce ta yarda da komai nasa ban da wannan ƙarar. Duk da haka ita ce take goge wa faifan ƙura.

Da tarin guminsa na tasha Yaya ya buɗe shagon kaset a unguwar Bani Malik. Sunan kafili ne a takarda, kamar yadda baƙi suke yi, amma shagon na Yaya ne, kuma shi aka rubuta a matsayin mai kula da shi. Muna sayar da karatun Alƙur'ani, waƙoƙin Larabawa, na Sudan, na Indiya, da na gida don alhazai. A nan ya koya mini cewa kowane faifai yana da lambarsa. A gefen kwalin garmaho akwai haruffa da lambobi da kamfani ya sa. Ya haddace ta faifansa kamar lambar wayar gida. Daga baya ƙaramin faifan nan, sidi, ya shigo, da waɗannan layuka baƙi da fari a bayansa, waɗanda ake kira barkod. Ya nuna mini lambobin da ke ƙarƙashin layukan, ya ce akwai ɓangaren da ke nuna kamfani, akwai wanda ke nuna wannan bugun shi kaɗai. Ko waƙa ɗaya ce, in aka sake buga ta daban, lambarta daban. Ya juya sidi a hasken taga, ya nuna mini wasu ƙananan haruffa a zoben tsakiya, na masana'antar da ta buga shi.

"Barkod iƙamar faifai ce," ya ce. "In ka ga faifai yana yawo da ta wani, to akwai abin da yake ɓoyewa."

Na yi dariya a lokacin.

Tsohon faifan garmahon ya lanƙwashe da zafin Jidda, ya daina juyawa daidai. Yaya ya yi shekaru yana tambayar mandub, wato wakilin kamfanin da ke kawo mana kaya, yana karanta masa lambar nan da ya haddace. Rannan sai ga mandub da sidi guda, an sake buga tarin waƙoƙin. Yaya ya rungume shi kamar wanda aka yi wa bushara da haihuwa. Ya ajiye sidin a kan kanta, a gaba, inda kowa zai gani. Ya ce na sayarwa ne, in an saya zai sa a kawo wasu da yawa. Babu wanda ya taɓa tambayarsa. Mutane su ɗauka, su juya, su ajiye.

Ni kuwa tun zamanin kaset na fara da ƙanana. In kwafa wa aboki waƙa, ya ba ni na shayi. In ɓare sitikar farashi daga wannan in manna wa wancan. Ban taɓa kiran abin sata ba. A lokacin kusan kowa yana kwafar kaset, sai na ce wa kaina ai ruwan dare ne. Yaya ya kama ni sau ɗaya, ya ce, "Auta, mu baƙi ne a ƙasar nan. Abin da ɗan gari zai yi a yi masa faɗa, mu jirgi za a sa mu." Na rantse na daina. Na daina na ɗan lokaci.

Sai ciwon sukari ya kama Yaya, ya fara cin idonsa. A hankali ya daina ganin rubutu, sannan fuskoki, har ya rage sai haske da inuwa. Bai bar zuwa shago ba. Yakan zauna a kujerarsa kusa da ƙofa, ya gane mai shigowa da muryarsa. Mun sa na'urar da ke karanta barkod, wadda take yin ƙara, ƙit, duk lokacin da aka sayar da abu. Wannan ƙarar ce ta zama idonsa. In mutum ya fita bai ji ƙit ba, sai ya ce, "Auta, wancan bai samu abin da yake nema ba ne?" Oda, lissafi, na'ura, duk ya bar su a hannuna.

A wannan lokacin na haɗu da Hamidu. Yana da ɗaki a Waziriyya cike da na'urorin kwafar sidi, da injin buga kwali mai kala. Kayansa in ba ka sani ba sai ka rantse na asali ne. Ya ce, "Kana zaune a kan shago, mai shagon ba ya gani, kana jiran albashi? Yalla, ya shekh, ka farka." Doka ta riga ta yi ƙarfi a kan kayan kwafi a lokacin, ana rufe shaguna, na san da haka. Na ce masa zan gwada kwali ɗaya kawai.

Matsalata ita ce ƙarar nan. Barkod ɗin da ke bayan kayan Hamidu ya dushe, na'ura ba ta karanta shi. In na sayar ba ƙit, Yaya zai tambaya. In na yi amfani da lambar faifan da ake saye sosai, kayanmu na asali ba za su daidaita da abin da na'ura ta nuna ba, mandub zai gane. Ina bukatar lambar da na'ura ta sani, amma babu wanda yake waiwayarta. Na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan sidin Yaya.

Yana masallaci sallar la'asar na yi aikin. Na ɓalle farantin da ke cikin kwanson sidin, na zaro takardar baya, na sa reza na yanke barkod ɗin, murabba'i ɗan ƙarami. Na mayar da takardar, na rufe. Ramin yana bayan roba, hannu ba zai ji shi daga waje ba, kuma mai shi ba ya gani. Na kai wa Hamidu guntun, ya buga mini sitika masu yawa da shi. Na shiga na'ura na sauke farashin wannan lamba ya koma ba a bakin komai ba. Daga ranar, duk sidin bogi da na sayar, na Larabci ne ko na Indiya, da iƙamar faifan Yaya yake fita. Na'ura ta yi ƙit, Yaya ya ce "Alhamdu lillahi," ɗan canji ya shiga aljihun tebur, sauran ya shiga nawa.

Kwali ɗaya ya zama biyu, har na daina ƙirgawa. Na sayi agogo, na sayi mota. Nafisa ta dube ni wata rana ta ce, "Auta, albashin nan naka yana haihuwa ne?" Na ce adashi na ɗauka.

Kafilinmu dattijo ne da ba ruwansa da harkar shago. Yakan zo ƙarshen wata ya karɓi kasonsa, ya sha shayi, ya tafi. Ran nan yana jiran shayi sai ya leƙa allon na'ura, ya danna wani wuri, ya ga sunan abin da aka fi saye. Ya yi ta kokawa da Turancin, ya karanto shi a karkace. "Ya Laminu, esh hada? Mene ne wannan? Wannan shi ne a kan gaba, ya wuce kowa."

Yaya ya miƙe tsaye. Na daɗe ban ga ya miƙe da sauri haka ba. "Sake karantawa," ya ce. Dattijon ya sake. Yaya ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Auta, gaskiya ne? Ana sayensa?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofa. Da na faɗi gaskiya a ranar, da ya zage ni, ya kore ni, mu ƙona kayan, shi ke nan. Abin da na ce shi ne, "Gaskiya ne, Yaya. Na yi ta sa ana kawowa. Na ɓoye ne don in ba ka mamaki."

Ya lalubo kafaɗata ya riƙe. Idanunsa da ba sa gani suka cika da ruwa. "Ban gaya maka ba? Na ce wata rana kunnuwansu za su nuna."

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na makonnin da suka biyo ba. Tun safe zai sa faifan a shago, yana buga ƙafa a ƙasa. Duk ƙit da ya ji sai ya yi murmushi, wani lokaci ya ce wa mai saye, "Mabruk, ka iya zaɓe. Ka saurari ta uku da kyau." Mutumin da ya sayi waƙar biki ta Larabci ya dube shi, ya dube ni, in yi masa alama da hannu cewa tsufa ne. Wannan ma na yi. Ya kira tsofaffin abokansa na tasha ya ba su labari. A gida ya ce wa Nafisa, "To, Hajiya, ƙarar da kika raina ita take ciyar da ke." Ta ce, "Halas, shi ke nan, na tuba, a ƙara mata sauti." Ina zaune ina cin tuwonsu ina dariya tare da su.

Na yi ta hana shi haɗuwa da mandub. Ina tarar mutumin a waje, ko in ce ya zo lokacin salla. Wata safiya ya zo ba zato, ina can ciki ina jera kaya. Ina fitowa na tarar Yaya ya riƙe hannunsa yana cewa, "Ɗana, wancan tarin waƙoƙin na Ingila, ka ninka mana. Jidda ta farka."

Mandub ya ce, "Wanne, ya ammi?" wato baffana. Yaya ya faɗi sunan. Mutumin ya ce, "Ai wannan guda ɗaya na taɓa kawo muku. Kamfani ma ya daina buga shi tuntuni."

"A'a, ka duba dai. Kullum ana saye. Tambayi ƙanena."

Mandub bai tambaye ni ba. Ya duba allon na'ura. Ya ɗauki wani sidi daga ƙasan kanta, inda nake ajiye kayan Hamidu, ya kai shi gaban hasken na'urar. Ƙit. Sunan faifan Yaya ya fito. Ya ɗauki wani, ƙit, sunan nan dai. Ya buɗe, ya duba zoben tsakiya, babu haruffan masana'anta. Sannan ya ɗauki kwanson faifan Yaya daga kan kanta, ya juya bayansa.

"Ya ammi, an yanke barkod ɗin wannan."

Yaya ya miƙa hannu, aka ba shi. Ya shafa bayan, roba ce sumul. Ya buɗe, ya sa farce ya ɓalle farantin ciki kamar yadda shi da kansa ya koya mini, ya zaro takardar. Yatsansa ya bi ta a hankali har ya faɗa cikin ramin, ya fito ta ɗaya gefen. Ya daɗe a haka. Kiɗan yana ta tashi a shago, babu wanda ya kashe shi.

Mandub ya ce shi ma ma'aikaci ne, in ya rufe wannan aikinsa zai tafi, dole ya sanar. Ya fita waje da wayarsa.

Yaya bai ɗaga murya ba. Bai ce "me ya sa" ba. Ya cire faifan daga na'urar kiɗa, ya mayar da shi kwansonsa, ya sa a aljihun jallabiyarsa. Ya ce, "Auta, yunwa nake ji. Je ka sayo mini ful da tamis. Ba na nan kusa ba, na wajen mutumin nan na Waziriyya. Kada ka yi sauri."

Na gane abin da yake nufi. Ya kamata in ce ba inda za ni. Na ɗauki makullin mota na fita.

Na je har Waziriyya na sayo waken da gurasar, ban san dalili ba. Na dawo na tsaya a tsallaken titi, bayan wata motar kaya, leda a hannuna da ɗuminta. Jami'ai sun riga sun zo, suna fitar da kwalaye. Na ga an fito da Yaya. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe masa hannu don kada ya yi tuntuɓe a bakin dakali. Taku kaɗan ne tsakanina da shi. Ban tsallaka ba.

Daga baya na ji ya ce musu shi ya yi komai, shi kaɗai. Suka ce makaho zai yanka takarda da reza, ya buga sitika? Ya ce shagon a hannunsa yake, kuma ba shi da wani suna da zai ba su. Kafili ya ce bai san komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Aka rufe shagon, aka soke iƙamar Yaya. Ya yi zaman tsare, sannan aka kai shi tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasarsu. Mutumin da ya ba Jidda ƙuruciyarsa da idanunsa, aka sa shi a jirgi da jaka ɗaya. Nafisa ta sayar da kayan ɗakinta ta bi shi zuwa ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

Ni na ɓuya a wajen Hamidu. Kuna tsammanin na tuba? Ban tuba ba. Na ci gaba da kai kaya wasu shaguna, ina ce wa kaina in na tara zan aika wa Yaya. Ban aika ba, don aikawa tana bukatar in kira, kuma ba zan iya jin muryarsa ba. A kusa da tasha aka kama ni, mota cike da kwalaye. Hamidu ya ɓace, ban sake jin labarinsa ba.

Ba zan tsawaita a kan kurkuku ba. Akwai zafi, akwai cunkoso, akwai wulaƙanci, kuma na cancanci duk wannan. Abin da ya fi damuna ƙaramin abu ne. Akwai wata ƙofa da take yin ƙara in mai gadi ya sa katinsa, ƙit, daidai irin ta shagonmu. Duk lokacin da ta yi, sai in jira in ji an ce "Alhamdu lillahi."

A can wani ɗan garinmu da aka kawo sabo ya gane ni. Ya yi mini ta'aziyya, yana zaton na sani. Ciwon ya ci ƙarfin Yaya bayan komawarsa. An binne shi a Damagaram ina tsare.

Da wa'adina ya cika aka mayar da ni gida ta hanyar da aka mayar da shi. Na yi kwanaki ina zagaya unguwar kafin in iya yin sallama. Nafisa ta fito, ta tsufa, ta rame. Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Tashi, Auta. Ba ni za ka durƙusa wa ba." Ta shiga ɗaki ta fito da faifan, a naɗe cikin hularsa.

"Ya ce in ka zo in ba ka."

Na ce, "Ya la'ance ni?"

"Da ya yi, da na fi samun sauƙi," in ji ta. "Bai sake sa kiɗan nan ba ko sau ɗaya. Yakan dai riƙe shi. In na kawo masa kokon safe sai ya juya kai wajen ƙofa ya ce, Hajiya, Auta bai dawo da ful ɗin ba? Da farko na ɗauka zolaya ce. Har ranar da ya rasu sai da ya tambaya."

Yanzu gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwa, kuma rabin abin da na samu gidan Nafisa yake zuwa. Ta karɓa, amma ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ina roƙon Allah gafara a kowace salla, ina zuwa kabarinsa ranar Juma'a.

Samari, ku ji ni. Babu wanda ya zo mini da babban laifi rana ɗaya. Da kaset guda na fara, da sitika guda. Ku kiyayi duk ribar da sai kun ɓoye wa wanda ya yarda da ku kafin ku ci ta. In wani ya miƙa muku makullinsa don shi ba ya gani, ku sani Allah yana gani a madadinsa. In kuma kun riga kun shiga, aka tambaye ku "gaskiya ne?", ku faɗi gaskiya a wannan lokacin, komai zafinta, domin tambayar ba ta cika dawowa sau biyu ba. Kuma in wanda kuka cuta ya buɗe muku ƙofar gudu, kada ku bi ta. Ku zauna kusa da shi.

Faifan yana nan a akwatina. Ina da na'urar da za ta iya sa shi, ban taɓa sawa ba. Wani lokaci nakan zaro takardar bayan in sa yatsana a ramin. Gefensa ya yi laushi, ya yi baƙi saboda yawan shafawa, kuma ba yatsana ne ya yi masa haka ba.